Ƙwayar Shinkafa a Akwatin Fasfo

"Ɗan Jawan nan ne, ranki ya daɗe. Kada ma ki wahalar da kanki."

"Ban tambaye ka ɓarawo ba, Pak Suantara. Na ce yaushe rabonka da buɗe akwatin nan?"

"Tun kafin bikin haikalin unguwarmu. Jiya wuni na yi a gaban alloli, ko ƙofar ofis ban taka ba."

Sufeto Luh Purnami ta dubi akwatin ƙarfen da ke girke a ƙasa. Ba a fasa shi ba. Fasfon baƙi 'yan yawon buɗe ido na jere a ciki, ɗaya ne kawai babu. Sana'ar Suantara ke nan a garin Singaraja: ya karɓi fasfon baƙon da bizarsa ta kusa ƙarewa, ya kai ofishin shige da fice a ƙara masa wa'adi.

Mai fasfon da ya ɓace tana zaune a bakin ƙofa, tsohuwa 'yar Holan da kowa ke kira Oma Liesbeth, wato Kaka Liesbeth. Gobe bizarta za ta ƙare. Daga nan sai tara, sai tsarewa, sai a ɗora ta a jirgi, wataƙila a hana ta dawowa.

"Ba tarar ce ta dame ni ba, 'yata," in ji ta. "Masoyina Pak Rai na kwance a asibiti, likita ya ce ba zai tashi ba. Muna samari iyayena suka raba mu. Sai yanzu na samu na riƙe hannunsa."

"Me ya kawo ki wannan ofis?"

"Ai Suantara ɗan ƙanin Pak Rai ne. Na ce gara na gida."

Purnami ta durƙusa, ta cusa kai cikin akwatin, don ba a ganin bayansa sai an yi haka. A gurbin fasfon ta tarar da 'yan ƙwayoyin ɗanyar shinkafa. Ta shinshina: ƙamshin ruwan sandal. Ta naɗe su a hankici.

Mutum uku ke da makulli. Ta fara da Slamet, ɗan tsibirin Jawan da Suantara ke zargi, mai kai fasfo ofis a babur.

"Shekaranjiya da yamma na gan shi da idona, Bu Sufeto. Na ce in kai, maigida ya ce a bari sai bayan biki. Yanzu kuma ni ne ɓarawo. Ko kaza ta ɓata a garin nan, ɗan Jawa ne."

"Ka je bikin jiya?"

"Ni? Masallaci dai. Abincinsu kawai nake zuwa wa, shi ma ba duka ba."

Sai Warni, sakatariya, idonta a kumbure.

"Mbok Warni, ban ga hadayar furanni a kan akwatin ba. Ba ke ke ajiyewa kullum da safe ba?"

"Mahaifina ya rasu, ba mu yi wankan tsarki ba tukuna. Ba na taɓa hadaya, ba na shiga haikali. Ke ma kin sani."

"Na sani. Wa ke yawan zuwa wurin maigidanki?"

Warni ta saci kallon ƙofa. "Masu son gina otal. Gonar shinkafar Pak Rai suke so. Ya kusa sa hannu, sai Oma ta zo, ta ce a gonar suka fara haɗuwa. Tun ranar ya ce ba ya sayarwa."

Purnami ta bar Warni a nan. Ta koma ta shimfiɗa hankicin a kan teburin Suantara.

"Pak, da aka gama addu'a jiya, an yayyafa maka ruwa, an manna maka shinkafa a goshi?"

"Kamar kowa."

"Kamar kowa da ya shiga haikali. Slamet Musulmi ne. Warni tana cikin makoki, ko hadayar da shinkafa za ta zubo daga cikinta ba ta ajiye ba. Saura wa? Wanda ya fito daga ibada, goshinsa bai ko bushe ba, ya zo ya cusa kai a akwatin nan."

"Tsohuwar shinkafa ce!"

"Shinshina. Har yanzu ƙamshinta bai fita ba. Kuma kai da bakinka ka ce ba ka tako nan ba." Ta miƙa hannu. "Makullin babur ɗinka."

A ƙarƙashin kujerar babur suka sami fasfon, cikin leda ɗaya da ragowar naman biki. Maiƙo ya jiƙa bangon fasfon. Purnami ta ɗago shi da yatsu biyu.

"Ai ba ƙona shi zan yi ba," in ji Suantara, murya ƙasa-ƙasa. "A mayar da ita ƙasarsu kawai. Baffa ya sa hannu, kowa ya huta. Soyayyar me kuma a wannan shekarun?"

"Ka je ka roƙi alloli albarka, ka ɗauko albarkar a goshinka, ka zo da ita ka yi sata. Don baffanka ya mutu shi kaɗai."

Slamet ya tofar da yawu a gefe. Oma ta karɓi fasfon, tana goge maiƙon da gefen rigarta.

"Za su karɓa a haka, 'yata?"

Purnami ta kira ɗan sandan da ke tsaye a waje, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Kofur, tafi da wannan caji ofis, ka ce ya wanke goshinsa kafin ya shiga motata. Oma, hau bayana a babur. Da kaina zan kai ki shige da fice da rahotona a hannu, ba zan tashi daga wurin ba sai sun karɓa. Daga can sai asibiti."