Aure na Talatin da Ɗaya

"Mama, don Allah ban da bana..."

Ko kallona ba ta yi ba. Kokawa take da rigar aurenta, wadda ta matse ta tun kafin a haife ni.

"Ja min zif ɗin nan, Fenna. Babanki na jira a kwale-kwale."

Haka suke duk ranar masoya. Iyayena Wiebe da Tjitske sai sun sake ɗaura aure a kan ruwan da ya ratsa garinmu Sneek. Baba ya ɗaura fukafukan gashin agwagwa, ƙirji a waje cikin sanyin Fabrairu, ga kwari da baka na roba, wai shi ne maharbin soyayya. Tunkiyarmu ma ba ta tsira ba, an rina ta ja.

Tsofai-tsofai da su!

Kuma yau ne saurayina Diederik zai kawo mahaifiyarsa ta ga iyayena.

A kan gada suka same ni. Matar ta jawo Annelot, 'yar ƙawarta da ta daɗe tana yi wa ɗanta sha'awarta.

Sai ga kwale-kwalen, masu bushe-bushe na biye. Mama na jefa wa jama'a cuku da aka yanka siffar zuciya.

"Tattabarata, za ki aure ni?" Baba ya kwarara murya.

"Sai na yi shawara, ɗan tsohona..."

Uwar Diederik ta taɓe baki.

"Waɗannan ne?"

"Ni kam sun burge ni," in ji Annelot, tana ɗaukarsu a waya. "Kyauta ma ake kallo."

Diederik ya raɗa min, "Kar ki damu, zumata. Muna yin aure Amsterdam za mu koma. Ziyara ɗaya a shekara ta ishe su."

Ni kaina na sha faɗin abin da ya fi wannan muni. Amma daga bakinsa sai na ji maganar ta yi min ɗaci. Shekara biyu muna tare, bai taɓa riƙe hannuna a titi ba, wai idon mutane.

Baba ya durƙusa zai miƙa zobe, santsi ya kwashe shi, sai tsundum a ruwa.

Mama ba ta tsaya tunani ba. Da rigar da komai ta bi shi.

Su ukun suka tuntsire da dariya.

"Diederik... da ni ce na faɗa fa?"

"Haba, Fenna. Ai akwai ma'aikatan ceto."

Na kalle shi sama da ƙasa. Na zare zoben da ya ba ni, na damƙa wa Annelot.

"Riƙe, naki ne. Ki dai koyi iyo."

Na sauka da gudu. Masu busa sun riga sun tsamo su, suna ƙanƙame da juna, haƙora na kaɗawa. Na tuɓe kwat ɗina na lulluɓe su.

"Ku biyun nan ba ku da hankali."

"Mun sani," in ji Mama. "Wiebe, na gama shawarar. Na yarda."