Igiyar Rijiyar Korgom

A bakin rijiyar Korgom Furera ta fara ganinsa, baƙo daga ayarin fatake, yana kallon guganta kamar bai taɓa ganin ruwa ba.

"Ƙishirwa ce ko kallo?" ta ce.

"Duka biyu, Tauraruwa."

Sunansa Na Allah. Ayari ya tashi, shi bai tashi ba, ita kuma tuwo ya daina shiga mata. Sai dai abu biyu sun tsaya mata a rai: ba ya taɓa igiyar rijiya ko da wasa, kuma in an tambayi sunan ubansa sai ya ɗauko zancen jakuna.

Mahaifinta Mamudu, mai yasar rijiya, ba a yi masa rufa-rufa. Ya ƙura wa zanen fuskar saurayin ido, ya ce, "Kai ɗan Attahiru ne na Mayahi."

Attahiru ne ke riƙe da igiya ranar da ƙanen Mamudu ya shiga rijiya, aka yi kuwwar mahara, ya saki ya gudu. Gawa aka fiddo.

"Ni ne, Baba. Ya rasu da sunanku a bakinshi. Gafara na zo roƙo, tsoro ya hana ni. A Lakwaja na ji masu bin Annabi Isa na cewa ba laifin da ya fi ƙarfin yafiya."

"Liman ma haka ya ce. Allah ne mai gafara, ni mutum ne. Tashi."

Furera ta tare shi a bayan danga, idonta jawur. "Ni kake so, ko ni ce hanyarka ta zuwa wurin Baba?"

"Gafara ce ta kawo ni, Tauraruwa. Ke kika hana ni komawa."

Ta so ta yarda, zuciya ta ƙi.

Da rani ya yi tsanani, rijiya ta cike da yashi. Mamudu ya ɗaura igiya a ƙugu, ya dubi mazan gari ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa Na Allah bakinta. Mamudu na yin nisa cikin rijiya sai kuwwa ta tashi daga bayan gari: "Mahara! Mahara!"

Kowa ya watse, har masu taya Na Allah riƙo. Igiya ta zare da gudu tana cin tafin hannunsa. Na Allah ya kafa ƙafa, ya naɗe ta a damtse, jini na ɗiga. Furera ta yar da tulu ta kama bayansa, suka ja tare.

Babu ko mahari ɗaya. Mamudu ne da kansa ya sa a yi kuwwar.

Ya fito, ya juya hannayen saurayin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Na yafe wa Attahiru. Ka turo manyanka."

Kafin shuka aka ɗaura aure. Mamudu ya haɗa hannun ɗiyarsa da wannan hannu mai tabo, ya ce, "Allah shi yi maku albarka. Ka riƙe ta kamar yadda ka riƙe ni."