Lemon Bangon Gabas

Inna tana zaune a tsakar gida tana tsince irin alayyafo a tire lokacin da surukarta ta durƙusa, ta ajiye lemo guda a gabanta, an raba shi biyu. Ɓari ɗaya ya fi ɗaya girma, 'ya'yan cikinsa sun yi baƙi sun motse.

"Inna, ki ɗanɗana."

Inna ta lasa, ta yamutse fuska, ta tofar. Ta tambayi daga wace kasuwa aka kwaso wannan abin. Surukar ta ce ba daga kasuwa ba ne, daga lambunsu ne, layin bangon gabas. Ta ce wata cuta ce ta kama itatuwan, wani ɗan ƙwaro ke ɗaukarta daga wannan ya kai wa wancan, kuma ba ta da magani. Ta ƙirga talatin da bakwai da suka kamu. In ana son sauran su tsira, sai an sare waɗannan an ƙone.

Inna ta ture tiren har iri ya watse a ƙasa.

Malama ake ce wa yarinyar, domin malamar gona ce. Aiki ne ya fara kawo ta lambun shekara biyu da suka wuce, ta tarar da Auta, ƙaramin ɗan gidan, yana aurar da dashen lemo da 'yar wuƙarsa, wato yana haɗa reshen wani itace a jikin wani. Ta tsaya gyara masa yadda yake ɗaure leda, shi kuma ya gyara mata yadda take riƙe wuƙa, aka yi musu aka yi dariya. Daga nan Auta ya riƙa ƙirƙiro wa itatuwa ciwon da ba su da shi don a turo ta. Yanzu watansu takwas da aure.

Tun makon da ta tare aka karanta mata tarihin gidan, kamar yadda ake yi wa duk wadda ta shigo. Mai Rijiya ne ya zo wurin yana fako, ya haƙa rijiya da hannunsa, ya fara albasa da gwaiba. Ɗansa Mai Lemo ya dasa layin bangon gabas, wanda ya ɗaga sunan gidan har motoci suka riƙa layi a ƙofar lambu. Marigayi Baba, ɗan Mai Lemo kuma mijin Inna, ya ƙaro rainon dashe a leda ana sayar wa manoma. Yanzu komai yana hannun Yaya Babba, wan Auta, mutumin da ko ganye ya faɗo daga layin gabas sai ya tambayi wa ya taɓa shi.

Kafin azahar Yaya Babba ya tara gidan a rumfar lambu. Bai ko dubi takardar gwajin da Malama ta miƙa masa ba. Ya ce itatuwan da suka ciyar da gidan nan shekara hamsin, su ne yarinyar da ko tukunyarta ba ta yi baƙi ba za ta yanke wa hukunci? Ubanta yadi yake aunawa a kanti, a ina ta san ƙasa? Taki ne ya yi musu kaɗan, shi ke nan. In kuma wani ne ya turo ta a share wurin a yanka filaye, to ta koma ta ce ba ta same su ba.

Malama ta ji haushi, amma ta danne, don ta san tana da shaida. Auta ne ya ɗauke ta a babur suka kai ganyen ɗakin gwaji. Shi ya karɓo sakamakon, ya zauna a bakin gado ya dafe kai, ya ce lallai sai an sare.

Yaya Babba ya juya gare shi. "Kai kuma fa? Bakinku ɗaya da matarka?"

Auta ya dubi Inna, ya dubi ƙasa, ya murza hularsa.

"Ni dai... duk abin da manya suka gani."

Malama ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Zagin Yaya Babba bai yi mata ciwo kamar waɗannan kalmomin ba. Tana shiga ɗaki ta jawo akwati ta fara cusa kaya. Auta ya shigo ya tura ƙofa yana sori, sori, ta saurare shi.

"Sorin me? A ɗaki kai namiji ne, a rumfa ka zama kurma. An ce turo ni aka yi in cuci gidanku, kana zaune kana wasa da hula."

Ya ce Inna tana da hawan jini, kuma tun da aka haife shi bai taɓa musa wa Yaya a gaban mutane ba, ta ba shi lokaci. Ta ce lokacin nan ƙwaron yake ci. Ta yi kuka mai zafi, na haushi ba na tausayin kai ba. Daga baya ta zazzage akwatin a kan gado. In ta fita yau, cewa za a yi asirinta ne ya tonu. Ta zauna, amma ta ɗauke masa wuta. Abinci a ajiye, gaisuwa a taƙaice, kwana goma sha ɗaya ba ta yi masa dariya ba. A tsakar gida kuwa in ta wuce sai a ce ga mai digirin sare itace nan. Tana ji, tana gaishe da Inna kamar kullum, tana haɗiye abin da ya taso mata.

Ranar da abin ya fashe, wani manomi ne ya zo da a-kori-kura zai ɗauki dashe ɗari biyu. Yana cikin waɗanda Malama ke zagayawa gonakinsu, ya sayar da shanunsa biyu don ya kafa lambu. An fara lodi sai ya hango ta, ya washe baki, ya ce tunda dashen gidan Malama ne ai ba sai ya duba ba, ko ba haka ba?

Ta san daga layin gabas aka yanko rassan da aka aurar da su. Yaya Babba yana tsaye yana kallonta, ido jajir. Ta juya ga manomin.

"Kada ka ɗauka, Baba. Suna da cuta. Shekara uku za ka yi kana ban ruwa a banza."

Manomin ya sa aka sauke ledojin ɗaya bayan ɗaya, ya ja motarsa ya tafi. Yaya Babba ya yi ta zuba faɗa har maƙwabtan lambu suka leƙo ta kan katanga. Ya ce ta kashe sunan da mutum uku suka mutu suna ginawa. Inna ta fito mayafi a hannu, ta ce wa Auta yau sai ya zaɓa, ko ya sallami yarinyar nan ko su bar mata gida su biyun.

Malama ba ta ko dube shi ba, don ta riga ta san abin da zai ce. Sai kawai ta ji muryarsa.

"Inna, ki gafarce ni. Gaskiya ta faɗa. Ni na kai ganyen, ni na karɓo takardar, tsoro ne ya hana ni faɗa ran nan. Ba zan sake ta don ta ƙi cutar bawan Allah ba."

Marin da Yaya Babba ya ɗauke shi da shi sai da hularsa ta faɗa kwatar ban ruwa. Auta bai ɗaga hannu ba. Ya tsamo hular, ya matse, ya ce wa matarsa ta haɗa kaya.

Ɗaki ɗaya suka kama a bayan tasha, mai ƙaramar taga da kwanon da ke yoyo. Auta, wanda ya tashi a cikin inuwar lemo, ya koma yi wa masu gidaje askin furanni da shuka ciyawa. Duk ranar hutu sai ya je gaishe da Inna, ta juya masa baya, ya gama durƙusonsa ya taso. Malama takan ji kamar ta hana shi zuwa, sai ta tuna uwa ce, ta haɗa masa 'yar ledar sabulu da maganin hawan jini ta ce ya ajiye ko ba a karɓa ba. Haushin bai bar ta ba. Wani lokaci tana tsakar wanki sai maganar yanka filaye ta faɗo mata, ta yi ta dirzar riga har Auta ya ce filis, ita rigar ba ta yi laifi ba.

Wata bakwai ana haka. Taki buhu-buhu Yaya Babba ya zuba, ganye bai fasa yin rawaya ba. Lemo ya riƙa zubowa ɗanye, masu motoci suka daina zuwa.

Sai ga Gwaggo, ƙanwar marigayi Baba, 'yar Mai Lemo ta cikinsa, ta zo daga garin da take aure. Ta zaga lambun da sandarta, ta tambayi ina Auta, aka gaya mata. A nan rumfar ta zaunar da Yaya Babba kamar yaron goye, ta wanke shi tas. Ta ce wa ya gaya musu lemo aka fara dasawa a bangon gabas? Gwaibar Mai Rijiya ce a wurin, sittin cif. Tana 'yar shekara tara tsutsa ta cinye su, ubanta ya sa gatari ya kwantar da su duka, Mai Rijiya ya shekara ba ya amsa gaisuwarsa. A kan toka aka dasa lemon da suke wa sujada yanzu. Shi kansa Mai Rijiya sai da ya cike rijiyarsa ta farko da ya ji ruwan da gishiri.

"An ɓoye muku wannan ne don ba daɗin faɗa. Kun gaji itatuwa, ba ku gaji ƙarfin halin masu su ba. Wadda ta zo da shi kuma kun kore ta."

Washegari da hantsi Malama ta ji sallama, ta ɗaga labule, ta ga Inna tsaye a ƙofar ɗakin haya. Ta rame. Ta shigo ta dubi kwanon rufin, ta dubi bokitin da aka tara wa yoyo, ta nemi wuri ta zauna. Duk maganganun da Malama ta yi wata bakwai tana tanadi suka taso mata. Da ta dubi tsohuwar sai ta haɗiye su, ta kawo mata ruwa.

"'Yata," in ji Inna, "ki zo ki nuna musu waɗanda za a sare."

Da gwangwanin jan fenti ta shiga lambun, Auta na biye da ita. Talatin da bakwai sun zama casa'in da huɗu. Duk itacen da ta shafa wa fenti sai ta ji kamar ta juya ta tambayi Yaya Babba ko yanzu ma turo ta aka yi. Ba ta tambaya ba. Shi ma bai ce ta yi haƙuri ba, bakinsa bai iya ba. Gatari ya karɓa daga hannun Auta, ya tsaya gaban itacen farko na layin kakansa, ya sara yana hawaye, bai yarda kowa ya taya shi ba har ya faɗi. Dashen leda ma duka aka tara aka cinna musu wuta. Kwana uku hayaƙi na tashi.

Shekara huɗu gidan ya rayu da alayyafo da albasa, kafin sabon lemon da Malama ta samo daga wuri mai tsabta ya fara 'ya'ya. Manomin nan shi ya fara dawowa sayen dashe, ya jawo wasu, don labari ya bazu cewa gidan nan ba a sayar maka da abin da zai cuce ka. Yanzu ko reshe Yaya Babba zai yanke sai ya aika a tambayi Malama, kodayake har gobe cewa yake shi ma dama ya fara zargin ganyen.

Gaskiya takan sa a kori mutum daga gida, amma in ya riƙe ta bai haɗa da rashin kunya ba, har inda yake za a biyo shi. Miji kuma da ya bar matarsa ita kaɗai a gaban danginsa alhali ya san tana kan daidai, ya sani shirunsa ya fi zaginsu ciwo. Auta ya yi wannan kuskuren sau ɗaya, bai sake ba.