Tashar da Aka Kulle

A wani gida mai ɗaki biyu a unguwar Kona, mutum uku ne ke zaune. Akwai Mama Alice, wadda ciwon ƙafa ya zaunar. Akwai surukarta Murna, mai sayar da gwanjo a Kasuwar Jalingo. Sai 'yar Murna, Success, wadda ba ta daɗe da shiga firamare ba. Ba su rasa abinci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa shi ne Nathaniel, ɗan Mama Alice, mijin Murna, uban Success.

Nathaniel ɗan ƙwallo ne. Tun Success na rarrafe wani mutum ya tafi da shi Legas, daga can sai Turai. Da farko saƙo na zuwa. Daga baya ya riƙa jinkiri, sannan ya ɗauke gaba ɗaya.

Abu ɗaya ya rage musu. Akwai wani kamfanin talabijin na ƙasar waje mai tashoshi biyu, ɗaya kyauta ga duk mai dish, ɗaya kuma sai da kati. A ta kyautar, duk Asabar da la'asar, ana nuna gajeren shiri kan 'yan wasan Afirka da ke Turai. Wani lokaci Nathaniel kan gifta a guje cikin jar riga. Don wannan giftawar kaɗai Murna ke rufe rumfarta, ta riƙo hannun Success zuwa unguwar Yelwa, shagon Barnabas.

Barnabas mai gyaran talabijin ne, yana da ɗakin kallo a bayan shago da ƙaton dish a tsakar gida. Yana son Murna. Kowa a layin ya sani, ita ma ta sani, amma bai taɓa furtawa ba. Ita kuwa idan ya miƙo mata kujera, ba ta iya kallon idonsa, don tana tsoron abin da nata idon zai faɗa.

Sai kamfanin ya ɗauke shirin daga tashar kyauta ya mayar da shi ta kati, ya kuma ƙara masa tsawo. Barnabas ya sayo dikoda da kati. Amma Asabar ta farko ya ce mata katin bai kama ba. Ta biyu ma haka.

Ranar Litinin Murna ta faɗo shagonsa ko sallama babu.

"Barnabas! Ni za ka yi wa ƙarya?"

Ya ɗago daga bayan wata talabijin da ya buɗe. "Maman Success... zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba! Yaran kasuwa sun ce sun kalli shirin a nan. Katinka lafiya lau yake! Ni kaɗai ce ba ya kamawa idan na zo?"

"Ki yi haƙuri..."

"Haƙurin me? Yarinyar nan ta yi kuka har ta ƙi cin abinci. Mama tana tambayata, kin gan shi? Ya rame ko ya yi ƙiba? Me zan ce mata?"

Ya ajiye sukudireba a hankali.

"Na san dalili," ta ce. "Kishi ne. Kana ganin idan na daina ganinsa zan manta da shi, in juyo gare ka. Ashe haka kake? Ni da nake ganin girmanka..."

Maganar ta soke shi, ta gani a fuskarsa. Sai ta ji kamar ta janye ta, amma maganar ta riga ta fita daga bakinta.

"Murna," ya ce. Bai taɓa kiran sunanta haka kai tsaye ba. "Ina son ki, ba zan musa ba. Amma ko da ba zan taɓa samunki ba, ba zan raba yarinya da fuskar ubanta ba."

"To me ya sa?"

"Tashar kati ba kamar ta kyauta ba ce. Ta kyauta fili kawai take nunawa. Wannan kuwa har gida suke bin 'yan wasa. Tun Asabar ta farko suka fara tallar wanda za su ziyarta." Ya sauke numfashi. "Suna maimaita shirin ranar Laraba da rana. Ki zo, zan kori kowa. Amma don Allah ki zo ke kaɗai."

"Ubanta ne! Ba kai za ka gaya mini ba!"

Ta juya ta fita.

Ranar Laraba da Success ta dawo daga makaranta, Murna ta yi mata wanka, ta sa mata rigar coci. Mama Alice ta bi su da ido daga kan tabarma.

"Ki duba mini shi da kyau, 'yata. Ki ga ko yana cin abinci."

Da Barnabas ya ga yarinyar, sai ya ɓata fuska.

"Ankul Barnabas, katin ya warke?" in ji Success.

"Ya warke, 'yar gidana... Ba za ki je ki sha lemo a shago ba?"

"Babana zan gani!"

Ya dubi Murna, ta kau da kai. Ya kunna janareto, ya tura katin cikin dikoda, ya koma bakin ƙofa ya tsaya.

Aka nuna ƙwallaye, aka nuna masu ihu. Can sai ga wani ɗan jarida a ƙofar wani gida mai furanni. Ƙofa ta buɗe.

"Baba! Mama, ga Baba!" Success ta yi tsalle.

Shi ne. Ba a guje ba, ba daga nesa ba. Ya cika allon, ya yi ƙiba, ya yi haske, yana wannan dariyar tasa mai karkata baki. Hawaye ya cika idon Murna, ta miƙa hannu kamar za ta taɓa shi.

Sai wata Baturiya mai dogon gashi ta fito daga bayansa, ta rungumo ƙugunsa. A hannunta akwai jariri. Nathaniel ya karɓi jaririn, ya ɗaga shi sama, ya sumbaci goshinsa.

Da Turanci suke magana, kuma Murna na jin Turanci sarai. Ta ji ya ce matarsa ce. Ta ji ɗan jaridar ya tambaye shi, wa ya bari a gida Najeriya?

"Mahaifiyata kawai," in ji Nathaniel.

Murna ta riƙe bencin da take zaune da hannu biyu.

"Mama, me Baba ya ce? Wace ce waccan? Yaron wa ya ɗauka?"

Barnabas ne ya matso ya kashe talabijin ɗin, ya durƙusa gaban yarinyar.

"Zo mu je in nuna miki yadda dish ke juyawa."

Ta bi shi tana waiwaye. Suna fita Murna ta kifa kai a cinya ta saki kukan da ta daɗe tana haɗiyewa.

Da Barnabas ya dawo, ya tsaya nesa da ita.

"Ka gaya mini... ka ce in zo ni kaɗai," ta ce cikin shessheƙa. "Wayyo ni! Da hannuna na kawo ta. Ka yafe mini abin da na ce maka, Barnabas."

"Ni ma na yi kuskure. Da na faɗa miki da baki. Na rasa ta inda zan fara ne."

"Mahaifiyarsa kawai! Ni da nake wanke mata ƙafa kullum..."

"Ba zan ce miki komai yau ba, Murna. Amma ina nan. Ba inda zan je."

Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, sannan ta girgiza kai. "Ko na so, Mama fa? Ba ta da kowa. Idan na fita daga gidan nan, wa zai ɗebo mata ruwa?"

A hanyar Kona ta yi ta shirya ƙaryar da za ta yi wa tsohuwa. Amma suna shiga gida Success ta riga ta.

"Kaka! Mun ga Baba! Yana da gida mai kyau, da wata mata fara, da jariri!"

Mama Alice ta dubi Murna. Murna ta zube a gabanta, ta faɗi komai cikin raɗa, har amsar da Nathaniel ya ba ɗan jarida. Hawaye suka bi kumatun tsohuwar.

"Ni kaɗai ya ce?" ta tambaya a hankali. "To ya yi ƙarya. Ni ma bai bar ni ba, yar da ni ya yi. Ke kika tsince ni."

"Mama, ba zan bar ki ba..."

"Yi shiru, 'yata. Ƙafa ce ta mutu mini, ba ido ba. Na san wanda ke aiko mana da kananzir yana cewa kar a faɗa miki. Zan kira dattawa da Fasto, a warware abin da ɗana ya riga ya tsinka. Idan lokaci ya yi, mai talabijin ɗin nan ya turo mutanensa wurina. Ni zan ba da ke, a matsayin uwa."

"Mama!"

"Amma ki gaya masa, duk wanda ya ɗauke ki, da tsohuwa zai haɗa. Kuma ina da ci!"

Murna ta yi dariya cikin kuka, ta rungume ta, suka ci gaba da kukan tare.

Success na tsaye a bakin ƙofa da rigar cocinta. Ba ta fahimci zancen dattawa da Fasto ba, ba kuma wanda ya fassara mata Turancin. Abin da ta gane shi ne, babanta bai ɓata ba, kuma ba wanda ya hana shi dawowa. Yana da wani gida, kuma can ya zaɓa.