Barcin Rana a Gidan Surukai

"Mahaifiyarka ba ta ƙaunata, Tichaona."

"Ruvimbo, don Allah sassauta murya..."

"In sassauta? Ina katifata?"

Ya waiwaya ya dubi tsakar gida. Katifar tana can shimfiɗe a kan dutsen shanya, rana tana dukanta, wata kaza tana zagaya ta kamar mai shirin saye.

"Amai ta ce katifar tana buƙatar shan iska."

"Kwana uku a jere? Sabuwar katifa, da ledarta?"

Ya sosa ƙeya. Mijina injiniya ne, mutumin da yake iya bayanin yadda gada take ɗaukar nauyin mota ɗari. Amma da an ambaci mahaifiyarsa, wadda muke kira Amai, sai duk ilimin ya tattara ya koma ƙeyarsa.

A bayan ɗakin girki muke tsaye, a gidansu da ke karkarar Gutu, ranar Alhamis da hantsi. Kwanana huɗu ke nan a gidan. Shi ya riga ni dawowa daga birnin Calgary na Kanada da mako biyu, ya ci, ya ƙoshi, ya yi barcinsa har kumatunsa suka ciko. Ni kuwa hutun kwana goma kacal na samu a wurin aiki. Na yi awa talatin tsakanin jirage uku da kujerun jira, na sauka Harare ranar Asabar, ranar Lahadi da yamma dangina suka rako ni gidan miji da waƙa da guɗa.

Abin da ba wanda ya sa a lissafi shi ne, ni na iso, jikina bai iso ba. Awa takwas ne tsakanin can da nan. Ƙarfe huɗu na asuba a Gutu, jikina yana ganin yanzu aka gama cin abincin dare. Tsakar rana kuwa, lokacin da kowa yake kai da kawowa, shi a wurinsa dare ne ya tsala.

Safiyar farko na burge kowa. Amarya takan tashi da asuba ta share gida, ta ɗora ruwan wanka wa surukai. Ni da ban runtsa ba, ƙarfe huɗu na ɗauki tsintsiya. Na share tsakar gida, na share bayan rumbu, na share har hanyar maƙwabta. Tete Shorai, ƙanwar marigayi surukina, ta fito tana tafi.

"Kai! Wa ya ce 'yan ƙasar waje ragwaye ne? Tichaona, ka iya zaɓe!"

Yabon bai kai azahar ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya na durƙusa gaban Sekuru Zvidzai, babban dattijon gidan gaba ɗaya, da kwanon ruwan wanke hannu. Ya fara addu'a. Sekuru ba ya gajarta addu'a, sai ya bi dangi ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suke ci-rani a birnin Joni. Na tuna ya kai kan wani ɗan'uwa da ke Gweru. Abin da na sani bayan nan shi ne ihu, da takalman Sekuru cike da ruwan ɗumi, da goshina a kan gwiwarsa.

Kafin yamma an yi min bincike kala uku. Wasu suka ce ciki ne. Wasu suka ce giya ce irin ta Turawa wadda ba ta wari. Tete Shorai ta ce a'a, raini ne kawai, kuma ita dama tun da ta ga irin sharar nan ta san da wata a ƙasa.

Amai ta zo ta tsaya a gabana. Ta dai dube ni, tun daga ƙafa har kai, dogon kallo. Washegari ta fara.

Ƙarfe bakwai ta tura ni gonar gyaɗa, ba hula, ba laima. Ta ɗauke gwangwanin kofi da na zo da shi, ta kulle a kabad, ta rataya makullin a wuya. In na zauna a inuwa, sai ta tuna babu ruwa a randa. In na dawo daga rijiyar burtsatse, sai ta tuna akwai wata randar. Rana na faɗuwa ta sa ni cin abinci, ta karɓe wayata wai za a sa mata caji, ta ɗauke fitilar ɗakinmu wai tata ta lalace.

Ga kuma katifa.

"Gobe da safe zan bi motar Harare," na ce wa Tichaona. "Zan zauna wurin yayata har ranar tafiya."

Fuskarsa ta canza.

"Jibi fa Asabar, Ruvimbo."

Na sani. Ranar Asabar da tsakar rana dangi duka za su taru, in tuƙa musu sadza, tuwon masara, a babbar tukunya, su ci daga hannuna. Shi ne karɓata a gidan. Amaryar da ta bar gida kafin wannan ranar ta gama magana, ko da ba ta buɗe baki ba.

"In tuƙa tuwon mutum arba'in da ƙarfe huɗu na asubata? In faɗa cikin tukunya ku haɗa da ni ku ci?"

"Rabin raina..."

"Kar ka kira ni rabin ranka! Rabin ranka tana tafiya tana ganin mutane bibbiyu!"

Ya kama hannuna. Tafin ya yi kanta saboda tsigar gyaɗa, ya daɗe yana kallonsa, idonsa ya ciko.

"In kin tafi zan bi ki," ya ce a hankali. "Kin san zan bi ki. Amma ni kaɗai gare ta, Ruvimbo. In na bi ki, ban san da wace fuska zan sake shigowa gidan nan ba."

Wannan ne ya fi komai ciwo, don gaskiya ya faɗa. Na so ya yi min gardama in samu abin riƙewa. Sai ya tsaya yana ƙaunata kawai, kamar wanda ba shi da wata dabara.

Na janye hannuna.

"Zan faɗa mata da bakina. Ba zan sulale kamar ɓarauniya ba."

Na same ta a ɗakin girki da la'asar, zaune a kan tabarma, tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa, na tafa hannu na gaishe ta yadda aka koya min tun ina yarinya.

"Amai, na zo in yi sallama. Gobe zan tafi Harare."

Ba ta ɗago ba.

"Jiya ƙarfe nawa barci ya ɗauke ki?"

"Amai?"

"Kunnenki ma yana Kanada ne? Na ce ƙarfe nawa?"

Na yi tunani.

"Wajen sha ɗaya."

"Kika tashi fa?"

"Biyar... biyar da rabi."

"Shekaranjiya?"

"Ƙarfe biyu."

"Ranar da kika yi wa Sekuru wankan ƙafa?"

"Ban yi ba sam."

Ta watsa gyaɗa a kwarya, ta ɗauki wata.

"To. Yau tara za ki yi. Gobe ma haka. Jibi da tsakar rana idonki zai zama kamar na kowa. Sai dai in kin shiga motar nan kin yi barci tun daga Gutu har Harare, kin rushe min aikin kwana uku."

Na zauna daɓas a ƙasa. Ni ce mai digiri biyu a ɗakin nan, ɗaya ma a kan magunguna, amma sai da na ƙirga da yatsu kafin na gane abin da take faɗa.

"Amai... dama da gangan ne?"

"A'a, katifar ce ta ce min tana jin zafi." Ta yi tsaki. "Shekara goma sha tara na yi ina aikin dare a ɗakin wankin wani asibiti a Bulawayo, bayan rasuwar uban Tichaona. Ki shiga shida na yamma, ki fito shida na safe. In na zo hutu gidan nan, sai in yi ta gyangyaɗi a gaban mutane kamar akuyar da ta sha tsami. Uwar mijina ta ce lalaci ne. Shorai ta ce wai wani abin nake sha a birni. Ranar da aka sa dutse a kabarin mijina, a tsaye na yi barci. A tsaye! Har yau akwai masu tuna min."

Hannunta bai daina aiki ba.

"Ba wanda ya koya min. Ni na gano da kaina. Rana da safe a ido, aiki a jiki, kar ki kwanta kafin duhu, kar ki sha baƙin ruwan nan naku bayan hantsi. Jiki kamar jaki yake, ba ya jin bayani. Sai an ja shi."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"In gaya miki? Ki ce tsohuwar ƙauye za ta koya miki barci?"

"Da ban ce ba..."

"Da kin ce a ranki. Ni ma da na ce." Ta ɗago, karon farko ta dube ni ido cikin ido. "Kuma ki saurara. Da na lallaɓa ki, na ce a bar 'yar Kanada ta huta, da Shorai da 'yan'uwanta sun cinye ki ɗanya har ki tsufa a gidan nan. Na san su, shekara talatin da biyar ina cin abinci da su. Yanzu je ki ji abin da suke faɗa a gindin mangwaro."

"Me suke faɗa?"

"Wai ni muguwa ce. Wai na samu 'yar mutane mai haƙuri ina gasa ta a rana. Jiya Shorai ta ce in ban sassauta miki ba za ta kai ƙarata wurin Sekuru." Bakinta ya ɗan motsa, abin da a wurin Amai ake kira dariya. "Sun manta da takalmi. Ni ba abin da zai same ni, sun daɗe da gama ƙina."

Ban san lokacin da kuka ya zo ba. Ba irin na amare ba, mai ɗan hawaye a gefen ido. Irin mai majina.

"Amai, ki yafe min... na zata..."

"Na san abin da kika zata. Bangon ɗakin girkin nan ba shi da kauri." Ta turo min kwaryar. "Share fuskarki ki ɓare gyaɗa. Kuma kar ki fita kina min fara'a a gaban mutane, ki ɓata min shiri."

Da na fito, Tichaona yana tsaye inda na bar shi, kamar wanda aka dasa.

"Ƙarfe nawa motar?" ya tambaya, muryarsa a dushe.

"Wace mota?"

Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin girki, ya sake dubana.

"Me ta ce miki?"

"Maganar mata ce, masoyina. Je ka kori kazar can daga kan katifata."

Ranar Asabar na tuƙa sadza a tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, da muciyar da ta kusa kai ni tsawo. Hayaƙi ya shiga idona, kafaɗuna suka yi kamar za su cire, amma idona biyu, tas. Da na durƙusa da ruwan wanke hannu, Sekuru Zvidzai ya ja ƙafafunsa can ƙarƙashin kujera, aka fashe da dariya, har da ni. Ya yi addu'arsa, ya bi dangi kaf, na ji kowane suna.

Ya gutsura, ya murza a tafin hannu, ya kai baki. Kowa ya zuba masa ido.

"Ba gudaji," ya ce. "Wannan 'yarmu ce."

Guɗa ta tashi. Amai ta taɓe baki.

"Gishirin miyar ya ɗan yi yawa."

"Haba, ke kuwa!" Tete Shorai ta miƙe tsaye, hannu a ƙugu. "Ba kya gajiya? Yarinyar nan ta ƙetaro duniya, kin hana ta sakat! Zo nan, 'yata, zauna kusa da ni. In ta sake takura miki, ni za ki faɗa wa!"

Na je na zauna kusa da ita, na sunkuyar da kai kamar wadda aka zalunta. Ta can gefe Tichaona yana kallona, yana murmushi yana goge ido da bayan hannu, bai damu da wanda ya gani ba.

Da baƙi suka fara watsewa, Amai ta kira ni ɗakin girki da muryar faɗa, yadda kowa zai ji. Na shiga, ta tura ƙofa, ta zauna a tabarma, ta miƙe ƙafafu, ta buga cinyarta.

"Sa kanki nan. Minti ashirin, ba ƙari. Ina ƙirgawa."

Na kwanta. Zaninta yana ƙanshin hayaƙi da sabulu. Mahaifiyata ta rasu ina shekara goma sha biyu, kuma tun daga lokacin ban sake ɗora kaina a cinyar kowa ba. Na ji hannunta mai kaushi a kan gashina.

"Na gode, Amai..."

"Barci na ce, ba surutu ba."

Na ji Tichaona ya ƙwanƙwasa yana tambayar ko matarsa tana ciki. Na ji ta ce masa ya je ya nemi aikin yi, 'yarta tana hutawa.

Awa guda cur ta bar ni. Har yau, in na tayar da maganar, sai ta ce agogona ne ba shi da kyau.