Sammacin Sa'adu

A ƙofar kotun ƙaramar hukumar Tsamiya akwai wani allon gilashi mai tsayin mutum. Kana ɗora tafin hannunka a kai sai ya karanta jijiyoyin da ke ciki, ya faɗa maka ko kotu na nemanka. Idan ya yi kore ka tafi harkarka. Ranar Alhamis ɗin nan mijina Ilu ya ɗora hannunsa, allon ya yi ja.

"Iliyasu Maikeke," in ji muryar na'urar, a hankali kamar mai karanta labarai. "Akwai umarnin kamu a kanka. Wanda ka tsaya wa beli bai zo kotu ba."

Mai-Kira ake ce wa na'urar. Shekara shida ke nan da aka kawo ta, saboda an gaji da masu gudun sammaci da masu shaidar ƙarya. Ita ke aika sammaci, ita ke kiran suna ranar zama. Wanda bai amsa ba ta fitar masa da umarnin kamu, bayan kwana uku kuma ta mayar da shi kan wanda ya tsaya masa. Ba ta tura ɗan sanda gidan kowa. Ƙofofi kawai take rufe wa mutum. Tasha, kasuwa, jirgin ƙasa, asibiti, duk da tafin hannu ake shiga, kuma duk a haɗe suke da ita.

Wanda Ilu ya tsaya wa ƙanensa ne, Sa'adu. Ƙaramar magana ce, kekensa mai lantarki ya goge wata motar kwashe shara marar direba. An sa masa ranar Litinin. Ranar Juma'a da hantsi, saura kwana uku zaman, Sa'adu ya faɗi a tsakar gida, kafin a ɗauko ruwa rai ya yi halinsa.

Doka ta ce kada a binne mamaci sai motar rajista ta zo ta karanta tafinsa. Mun kira, suka ce sai bayan awa biyar. Ana zafi, an sauko daga masallaci, jama'a sun cika ƙofar gida, an yi wanka an sa likkafani. Ilu da kansa ya ce a ɗauka. Ya ce ba zai bar ɗan'uwansa kwance yana jiran mota ba. Kafin la'asar an dawo daga maƙabarta, babu wanda ya sake tuna wata rajista.

Ilu yana da ciwon ƙoda. Litinin da Alhamis ake yi masa wankin jini. Da safiyar Alhamis ɗin ƙofar asibiti ta ƙi buɗe masa, shi ya sa muka zo kotu mu duba.

Mutum ɗaya ne ya rage yana aiki a kotun, magatakarda Malam Hamisu. Ya saurare mu har ƙarshe, ya yi mana ta'aziyya, sannan ya juyo mana da allon teburinsa.

"A wurinta Sa'adu yana da rai," ya ce. "Guduwa ya yi."

"Malam, mutum fiye da ɗari biyu suka sallace shi," in ji Ilu. "In kawo liman, in kawo mai unguwa."

"Ko garin nan duka ka kawo. Ba ta karɓar shaidar baki, don haka aka kawo ta."

Na ce, "To ya miƙa kansa mana, a kama shi, a kai shi asibiti da ankwa."

"Baiwar Allah, in ya miƙa kansa ɗakin tsaro za ta sa shi, ta kulle sai ya kawo wanda ya tsaya wa. Babu injin wankin jini a can. Ni kaina ba ni da mabuɗin."

"Alƙali fa?"

"Alƙali ɗaya ne a ƙananan hukumomi bakwai. Zuwansa nan saura kwana goma sha tara."

Ilu ya yi dariya kaɗan. "Ni da ruwa ke cika ni a kwana huɗu."

Malam Hamisu ya murza hularsa. Can ya ce akwai hanya guda. Tafin mamaci yana karantuwa kwana uku ne kawai, wannan ya wuce. Amma idan aka buɗe kabari aka ɗauki haƙori ɗaya, na'urar za ta gwada shi da bayanan jinin Sa'adu da ke wurinta, ta rufe maganar nan take. Sai dai dole mahaifiyarsa ta dangwala hannu.

Ilu ya miƙe. "Mun gode, Malam."

A hanya da ƙafa muka dawo, don motar haya ma ta ƙi shi. Yana tafiya yana hutawa a gindin turakun lantarki. Ya ce mini, "Lantana, kada ki kuskura Iya ta ji wannan maganar. Kwana shida da binne mata ɗa, in je in ce a tono shi a cire masa haƙori? Ni na ce a ɗauke shi. Ni zan ɗauki abin da ya biyo baya."

Ban faɗa ba. Na yi ta yawo ni kaɗai. Na je asibiti na durƙusa wa likitansa, ta fito har bakin ƙofa tana hawaye, ta ce injin ba ya tashi sai ya karanta tafin marar lafiya, ko ta shigo da shi ta taga ba zai yi aiki ba. Ta ba ni ƙwayoyin rage ruwa, ta ce kada ya sha fiye da kofi ɗaya a yini. Na je gidan shugaban ƙaramar hukuma, aka ce ya tafi taro. Na aika wa ofishin alƙali saƙo sau tara, sau tara wata na'urar ta amsa cewa an karɓi ƙorafina.

Ranar Asabar ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ranar Lahadi ya kasa kwanciya, sai a zaune, jingine da bango, yana jan numfashi kamar mai hawan dutse. Duk da haka da na kawo masa kofin ruwansa sai ya ce, "Rowar taki ta kai nan? Da can ma shayinki ba ya cika kofi."

Ranar Litinin na shiga ɗakin Iya Tabawa na faɗa mata komai. Tana zaune a kan tabarma da carbi, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun Alhamis, Iya."

"Kwana huɗu kina kallona ina cin tuwo."

Ta ɗauki mayafinta ta leƙa ɗakinmu. Ba ta taɓa kiran sunan Ilu ba, ɗan fari ne. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kai. Wancan ya riga ya tafi, ba ya jin zafin komai. Kai ne kake ji."

"Iya, ki yi haƙuri, kada ki..."

"Ban tambaye ka ba."

Ni na riƙe ta har kotu. Ta ɗora hannunta a allon. Mai-Kira ta gode mata, ta ce an amince, ma'aikatan tono za su zo ranar Laraba da ƙarfe goma. Malam Hamisu ya roƙa a matso da shi gobe. Na'urar ta ce Talata injin tonon yana wata ƙaramar hukuma. Na ce maza a unguwarmu za su tona da fatanya yanzun nan. Ta ce abin da hannun mutum ya ɗauko ba shaida ba ne.

Ilu ya rasu ranar Talata bayan azahar, kansa a kan cinyata, Iya tana riƙe da ƙafarsa.

Wannan karon babu wanda ya ce a ɗauka. Maza suka zauna a ƙofar gida cikin rana, liman yana duba agogo, muka jira motar rajista awa huɗu da rabi. Wata ƙaramar na'ura mai taya ta shigo har ɗaki, aka zaro hannunsa daga likkafani aka ɗora mata. Ta ce, "An warware umarnin kamu. Iliyasu Maikeke ba shi da sauran magana a kotu. Yana iya shiga ko'ina."

Washegari masu tono suka zo ƙarfe goma daidai. Iya ta aika aka ce musu ta janye hannunta, su bar mata 'ya'yanta su kwanta. Saboda haka har yau Sa'adu yana cikin waɗanda ake nema, kuma duk Litinin Mai-Kira tana kiran sunansa sau uku a zauren kotu.

Bayan na fita takaba na je karɓar takardar rasuwar Ilu. Na tarar an kafa rumfa a harabar kotun, ana ta tafi. Baƙi ne daga wasu jihohi suka zo koyon yadda ake aiki da na'urar. Wani mai babbar riga yana faɗa musu cewa a bana, duk mai belin da aka fitar wa umarnin kamu a Tsamiya an warware nasa cikin mako guda, ba a bar ko ɗaya ba. Malam Hamisu ya miƙo mini takardar ba tare da ya ɗago kai ba. Na tambaye shi ko da Ilu a cikin waɗanda aka warware ɗin. Ya ce da shi.