Duhun Ƙarƙashin Matakala

Yaya Uwani 'yar wan babanmu ce, kuma ba mai yawan magana ba ce. Ranar da ta zo mana kwana daga Funtuwa, bayan an yi isha'i an kwashe kwanuka, sai ta ce mu matso kan tabarma. Ta yi ƙasa da murya, ta fara.

Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Kai Sagiru, ajiye wayar nan. Labarin mijina ne, Tasi'u.

Sana'arsa sa fitilun ado a gidaje. Irin fitilar LED ɗin nan mai kama da igiya, wadda ake sayowa a naɗe, bayanta da gam, a ɓare a manna a gefen silin. Da waya ake kunna ta, ko da mutum yana wani gari. Ya iya aikinsa. Kafin ya manna sai ya goge bango tas, ya ce gam ba ya kama ƙura. Ba ya yankawa sai a inda aka yi alamar almakashi.

Wata Hajiya ta gina bene a bayan gari, inda a da gonaki ne, ta ba shi aikin fitilun. Ita tana Abuja, ta waya suke magana. Ya tura mata kaloli ta zaɓa. Ya ba ta shawarar mai ruwan ɗorawa, mai sanyin ido. Ta ce a'a, fara sol take so, mai kashe ido. Sharaɗinta ɗaya ne.

"Ban yarda in ga duhu ko na tafin hannu a gidan nan ba. Falo, kicin, bayan labule, ƙarƙashin matakala, ko'ina."

To, aikin fitila ba a gwada shi da rana. Ranar ƙarshe leburori suka watse, shi ya tsaya. A falon ya yi magariba, shi kaɗai.

A koridon ya sa irin mai jin motsi. Ko tsaka ce ta gifta sai ta kama. Yana durƙushe a ƙarƙashin matakala, ya manna ta ƙarshe ya kunna ke nan, sai ya ji sallama.

Ya amsa. Wani tsoho ne tsaye a ƙarshen koridon, gajere, da rigar saƙi. Tasi'u ya ɗauka maigadi ne.

"Sannu da aiki, yaro."

"Yawwa Baba, sannu."

Tsohon ya tako. Fitilar koridon ba ta kama ba. Ya sake takowa. Ba ta kama ba. Ga ƙurar siminti a kan tayil, sawun Tasi'u duk ga shi nan, na tsohon babu. Kuma mutum yana gabansa, amma muryar ta bayan kunnensa take zuwa.

Ya gaya mini bai ma ji tsoro ba a lokacin. Jikinsa ne kawai ya mutu, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta.

Tsohon ya ce, "Nan muke tun ana noma dawa a wurin. Aka sare itatuwa, muka yi haƙuri. Aka yi gini, muka matsa. Magina na da sukan bar mana lungu ɗaya. Kai ka bi ko'ina da haske. Ina da jikoki ƙanana, idonsu ba ya ɗauka."

"Baba, umarnin mai gida ne."

"Na sani. Ƙarƙashin matakalar nan kawai. Ka bar mana."

"To, Baba."

"Ka ce to fa. Kai ma kana da duhun da kake barci a cikinsa. In aka ɗauke namu, naka za mu ɗauka."

Ya juya ya shiga wani ɗaki da ba a sa wa ƙofa ba tukuna. Bai fito ba.

Almakashi yana hannun Tasi'u. Yanka ɗaya zai yi, ya ɓare guntun, magana ta ƙare. Amma sai ya tuna Hajiya, macen da ke cewa a zagaya da ita gidan ta bidiyo lungu-lungu. In ta ga babu fitila a wurin, sunansa ya ɓaci a wajenta da ƙawayenta duka. Sai ya yi dabara irin ta masu sana'a. Ya bar fitilar a manne, ya kashe ta a wayarsa, ita kaɗai. Lungun ya yi duhu. Ya ce, "Baba, ga shi nan." Ya kulle gida ya hau babur.

Washegari ya haɗa fitilun da wayar Hajiya, kamar yadda ake yi in an gama aiki. Wallahi bai kawo komai a ransa ba.

Da yamma aka ɗauke wuta a unguwarmu, har bayan isha'i ba a kawo ba. Muna tsakar gida ina zuba masa tuwo, ko hannuna ba na gani sosai. Sai ya ce:

"Uwani, wa ke haska ni?"

"Wa zai haska ka? Babu wuta."

"Ki kashe."

"In kashe me?"

Ya rufe ido da tafukansa. Ya ce hasken yana nan, fari sol. Ya shiga ɗaki ya ja bargo har kai. Yana nan.

Daga baya muka ji yadda aka yi. Hajiya ce ta yi baƙi a Abuja, tana nuna musu sabon gidanta ta kyamarar tsaron da aka sa a ciki. Ta danna wurin da ke kunna fitilun duka a wayarta. Baiwar Allah, ba ta san komai ba.

Gari na wayewa muka tafi gidan Hajiyar, ni da shi da wansa. Ya yanke fitilar, ya ɓare ta har da fenti. Ya yi sallama. Ya yi kira. Ya durƙusa ya ba da haƙuri, har muryarsa ta dishe. Babu wanda ya amsa. Tsohon da jikokinsa sun tashi.

Asibiti suka ce idonsa lafiya lau. Kuma gaskiya ne, yana gani, yana gane mutane. An yi masa ruƙiyya, an yi sadaka. Duhu ne kawai ba ya zuwa masa. Barci sai dai ya sace shi a zaune, kafin ka ce me ya farka. Ya rame. Ya daina aiki. Ba ya faɗa, ba ya dariya. Da farko na yi kuka har na gaji. Yanzu ba na jin komai. In dafa, in ba shi, in wanke kwano.

Don haka ku ji ni da kyau. Kada ɗayanku ya tsaya shi kaɗai a sabon gini bayan magariba. In za ku sa fitilar nan a ɗakinku, ku bar lungu ɗaya, kuma da almakashi za ku bar shi, ba da waya ba.

Shi kam, kullum in ya ji unguwa ta yi tsit, sai ya juyo ya tambaye ni.

"Uwani, dare ya yi?"

In ce masa ya yi.

Sai ya ce, "To." Ya ci gaba da zama.